Zane Tsakanina da Surukina

Shekarun baya, ina sabon ango, ina koyarwa a wata lakkwal, wato makaranta, a Dogon Dutsi, muna haya a wani gida bayan tasha. Maƙwabciyarmu wata mata ce daga ƙasar Benin, mijinta mai gyaran firigo ne, wato firiji. Duk unguwa Madam ake ce mata. Ita da matata ta kan katanga suka shaƙu, wannan ta miƙa gishiri, waccan ta miƙo ashana.

Ana nan sai Madam ta kama wani ɗan shago a bakin gudron, wato titin kwalta. Ta shafe shi da shuɗin fenti, ta zuba tebur uku da kujerun roba, ta sa aka rubuta mata allo da Faransanci, wai gidan abincin Afirka. Wani abokina da ya karanta allon cewa ya yi, ashe tuwon da muke ci tun haihuwa na Turawa ne ba mu sani ba. Muka yi dariya muka wuce. Haka kuwa kowa ya yi, ya karanta, ya leƙa, ya wuce.

Wanda ya san garinmu ya san halinmu. Ba ma ƙin baƙo, amma cikinmu bai cika son baƙo ba. A ba mu fura da rana, tuwon hatsi da miyar kuka da dare, an gama da mu. Ga kuma masu baki, wai wa ya san irin naman da mutanen bakin teku suke jefawa a tukunya. Babu wanda ya ga komai, kowa dai jira yake wani ya fara. Kullum da la'asar sai in ga Madam ta dawo da tukunya a ka, da nauyinta kamar yadda ta tafi. In na gaishe ta ta yi murmushin yaƙe ta shige gida.

Wata ranar kasuwa da safe ina ɗaura takalmi, matata ta tare ƙofa. Ta ce jiya Madam ta yi mata kuka. Keken ɗinkinta ta sayar ta buɗe wurin nan, kuma ta yanke shawara, in kasuwar yau ta watse ba wanda ya ci, za ta sauke allo ta mayar da makulli.

"In an tashi lakkwal ka tahi can," in ji matata. "Ka zamna bakin ƙohwa, ka ci kowa shi gani. In mushe ya ci, wasu na biyowa." Mushe kuwa shi ne yadda ake kiran malamin lakkwal a wajenmu.

Na ce mata ni da manja ba ma shiri. Ta ce ita dai yau ba ta ɗora tukunya ba, kuma ba ta ɗorawa. Na ɗan yi faɗan maigida, na nuna mata ni ba a juya ni. Da rana ta take, yunwa ta juya ni har bakin gudron.

Masu kabu-kabu suna zaune a inuwar dalbejiya daidai shagon, duk suka bi ni da ido. Na gyara wuyan riga na shiga kamar wanda ya saba. Wurin tsaf yake, an yayyafa ruwa an share, ga bokitin wanke hannu da sabulu a kusurwa. Da Madam ta gan ni sai ta dafa ƙirji, ta goge kujerar da babu ko ƙura a kanta, ta zaunar da ni dab da ƙofa. Ban ma tsaya tambaya ba, na ce ta kawo abin da ta ga dama.

Ta kawo sakwara fara sol, da miyar ganye da bandar kifi, manja yana yawo a sama. Gaskiya ƙamshin ya ba ni kunya, don miyau ya riga ni yanke hukunci. Na wanke hannu, na yanko loma, na dangwala. Lomar tana hanya tsakanin kwano da baki sai na ji sallama. Muryar da na ji ko a mafarki ba na ɓata ta. Surukina ne, mahaifin matata.

A Geceme yake zaune yana noma, ranar kasuwa kawai yake shigowa Dutsi. Mutum ne dogo mai farin gemu, mai tsadar magana. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, kuma duk zancen da ya taɓa shiga tsakaninmu bai wuce ina gajiya, ina ruwa, ina mutanen gida ba. Na miƙe da sauri har kujera ta kife, na tuɓe takalmi, na tsuguna, hannuna na dama a bayana da lomar sakwara a ciki. Haka muka yi gaisuwa kaf, manja yana bin yatsuna.

"Mushe, kai ne nan?"

"Ni ne, Baba. Na biyo in gaida maƙwabciya."

"Madalla. Ni ma rana ce tak koro ni, nic ce in sha inuwa."

Kwanon gaisuwar tawa yana kan tebur yana tururi. Shi kuma mai shan inuwa ya wuce dalbejiya guda a waje ya shigo ɗakin kwano.

Ga wanda ba a wajenmu ya tashi ba, namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko ruwa ma sai ya kau da kai. Shi ma surukin ba ya ci a gabanka. Bayan wannan, ango da aka gani yana cin abinci a waje ya zagi girkin matarsa, kuma ga uban matar a tsaye. Dattijo kuwa da ya saci jiki ya shiga gidan abinci, ba ya son kowa ya gan shi, balle mijin ɗiyarsa. Mun kama juna, kuma kowa ya san an kama shi.

Madam ba ta san wannan ba. Ita dai ta ga farin gemu a shagonta, ta fito tana rawar jiki. Baba ya kalli kwanona ta wutsiyar ido, sai ya yi mata wata magana ƙasa-ƙasa da wani yaren da ban taɓa jin ya fita daga bakinsa ba. Ludayi ya kusa faɗuwa daga hannun Madam. Sai lokacin na tuna matata ta taɓa ce min da ƙuruciyarsa ya tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, a hanyar Kwatano, can ƙasar su Madam. Kafin ya ce a'a, ta dire masa kwano irin nawa, har da ƙarin kifi.

Muka zauna, shi a teburinsa, ni a nawa. Shi yana karanta kalandar da ke bango, ni ina ƙirga ramukan kwanon rufi. Abin da ya dace shi ne in tashi in ba shi wuri. Amma masu kabu-kabu suna leƙe, in suka ga mushe ya fito ya bar kwano cike, kafin la'asar labarin ya kai tasha, kuma shagon Madam ya mutu ke nan. In kuwa na ci, na zubar da mutuncina a gaban surukina. Gaba kura, baya siyaki. Sakwara ta fara yin fata a sama, cikina yana ƙugi, shi ma na ji nasa ya amsa sau ɗaya, muka yi kamar mota ce ta wuce.

Madam ta leƙo ta ga kwanuka yadda ta ajiye su. Ta tambaya ko gishiri ne bai ji ba, muka ce ya ji. Ta ce ko tonka ne ya yi yawa, wato barkono, muka ce daidai ne. Ta ɗauko cokali ta ɗanɗana miyar a gabanmu, har ta ciro kifin ta nuna mana kai da wutsiya, don mu tabbata kifi ne. Wannan ya sosa min rai ƙwarai, don na gane duk maganganun gari sun isa kunnenta. Baba ya sunkuyar da kai. Ta tsaya kaɗan, ta juya ta shige baya. Can sai na ji ana haɗa murafen tukwane, ana jan hanci.

Nan dai na ga kunya za ta yi ɓarna. Na nemi izini wajen kalandar, don ita Baba yake kallo, na zagaya baya. Na sami Madam tana naɗe gammo, idonta ja. Na ce mata wallahi ba miyarta ba ce, dattijon nan uban matata ne. Ta ce to ai kamar ubana ne, ɗa da uba ba sa ci tare? Na ce namu ba haka yake ba, na shiga yi mata bayani kamar ina gaban allo. Ta katse ni.

"Mushe, ido ne matsala, ko kunne?"

Na yi tunani na ce ido ne.

"Bon," in ji ta.

Ta fizgo wani zane daga igiyar shanya, atamfa mai hoton kaji da ƙwai. Ta shigo ta ɗaura gefe ɗaya a ƙusar kalanda, ɗaya a ƙarfen taga, ta mayar da kwanona can ciki, ta bar Baba a ɓangaren ƙofa. Ta koma ta riƙe ƙugu tana jiranmu.

Na koma bayan zanen na zauna. Sai na ji motsin ruwa a bokiti, na ji an ja kujera, na ji an ce bismillah, ba a ce da wa ake ba. Ni ma na ce bismillah. Lomar farko da na kai, sai na ji haushin duk kwanakin da na yi ina wuce wurin nan ina dariya. Daga nan hannu baka hannu ƙwarya, babu abin da ake ji sai jan yaji ta hagu da ta dama.

Can sai muryar Baba ta fito daga bayan kaji. "Madam, tambai na bayan labule, ɗiyata ba ta iya tuwo ba ne?"

Kifi ya kusa sarƙe ni. Na ce, "Madam, hwaɗa mishi ta iya. Ita tak koro ni nan, tac ce in ban ci ba in kwana da yunwa."

Sai na ji abin da ban taɓa ji ba, surukina yana dariya har da tari. Ya ce wannan uwarta ta gado. Ya ƙara da cewa Madam ta gaya wa na bayan labule, uwar tata kada ta ji an gan shi a nan. Na ce Madam ta gaya masa ni inuwa kawai na ga yana sha. Ita kuwa Madam tana tsaye a tsakiya, ba ta isar da saƙo ko ɗaya ba.

Daga nan bakin Baba ya buɗe. Ya ba Madam labarin wata tsohuwa a hanyar Kwatano da take dafa irin wannan miya, da yadda ya taɓa kwana biyu a daji da karyayyen kamiyo, da yadda ya bar tuƙi ya koma gona ranar da aka haifi matata, don ya ƙi ta girma ba ta san fuskarsa ba. Ya ce tun lokacin bai sake jin wannan ƙamshi ba sai makon jiya da ya ratsa ta bakin gudron, kuma mako guda ya yi yana kokawa da zuciyarsa. Madam yake ba labari, amma duk mun san wa ake nufi.

Masu kabu-kabu ba ni suka gani ba, dattijo suka gani mai farin gemu yana suɗe yatsa. Ɗaya ya shigo wai zai wanke hannu, ya zauna. Wani ya biyo shi. Kafin mu gama, wasu fatake biyu suna tsaye suna jiran kujera. Ranar da la'asar Madam ta dawo gida da tukunya a hannu tana lilo da ita.

Matata da na ba ta labari sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Surukata kuwa ba ni na gaya mata ba, manjan da ya ɗiga a gaban rigar Baba ne ya tona shi.

Zanen nan bai sake sauka ba. Duk ranar kasuwa in aka tashi lakkwal sai in tafi gaida maƙwabciya, shi kuma ya zo shan inuwa. Shekaru muka yi a haka, ba mu taɓa yin alkawari ba, ba mu taɓa ganin lomar juna ba. Ta bayan kajin nan ya ba ni shawara lokacin da aka so mayar da ni wata lakkwal mai nisa, ta nan ya yi min faɗa sau ɗaya da muka saɓa da matata, ta nan na fara jin ya ce ya gode da yadda nake riƙe da ɗiyarsa. Madam ta ƙara ɗaki, ta ƙara tebura, yanzu ma'aikatan biro ma, wato na ofis, can suke ci. Abokina mai zancen Turawa ya fi kowa zuwa.

In na tuna, nakan ga cewa ban taɓa son a cire kunyar nan tsakanina da Baba ba, don ita ce girman da nake ba shi. Amma da ba don baƙuwa ta tambaye ni ido ne ko kunne ba, da na ƙare rayuwata ina gaida mutumin da ban sani ba.

Yanzu ƙafa ta hana shi shigowa Dutsi. Lokaci-lokaci nakan sa Madam ta zuba a kwano mai murfi, in ɗaure a bayan babur in kai masa Geceme. A shigar masa da shi ɗaki, a saki asabari, ni in zauna a waje kan tabarma. Sai in ji motsin ruwa, in ji bismillah. Can kuma, Madam tana Dutsi tana fama da tukwanenta, sai in ji ya gyara murya.

"Madam, hwaɗa ma na bayan labule shi matso kusa, kunnena ya yi nauyi."