Ban Leƙa Cikin Bindigar Ba

Edita, shekara shida ke nan da faruwar wannan abu, amma har yau idan aka buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi. A lokacin ni direba ne a gidan wani Balarabe a Doha, kuma mutum ne ni mai cika baki. Don na taɓa yin aikin banga a garinmu, gani nake babu bindigar da za ta ba ni mamaki.

Kafil ɗina, wato Balaraben da nake wa aiki, yana da lasisin wata ƙaramar bindiga mai juyi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Harsashin fistol take ci, guda biyar, kuma ana jera su ne a wani siririn faifan ƙarfe kafin a zura. Idan ka buɗe ta ka danna sandar gaba, faifan zai faɗo da su gaba ɗaya. Duk Asabar nakan kai shi filin harbi, wani lokaci ya bar ni in gwada, in mun dawo ya miƙo mini in goge. Abin da ban sani ba shi ne ana iya zura harsashin ba faifan, kuma sandar ba ta turo shi.

Ranar da abin ya faru, da la'asar ina gareji ina goge bindigar da tsummana sai ga abokina, wani bakanike ɗan Zangon Kumasi da ke aiki a Sana'iyya, unguwar masana'antu da garejoji, ya zo duba motar gidan. Ya ga abin da ke hannuna, ya ce in rufa masa asiri in juya bakinta bango. Na yi masa dariya, na ce ashe 'yan Gana haka suke da tsoro. Na buɗe, na danna sandar idona na kansa, ban ji komai ya faɗo a tafina ba, na rufe. Na ce masa babu komai ciki, na ja kunamar don in nuna masa.

Ƙarar ta toshe mini kunne. Na ga sifanar aikinsa ta faɗi ƙasa, na ga ya riƙe hannunsa na dama yana kallona, jini na bin gwiwar hannun. Bai yi ihu ba. Tambayata kawai ya yi, ba na ce babu komai ba? Mai gidan ne ya fito da gudu ya kai shi asibiti.

Abokin nawa ya shaida wa 'yan sanda kuskure ne, shi ya sa bayan tsarewa aka mayar da ni ƙasarmu kawai. Amma yatsunsa uku sun mutu, kuma da hannun nan yake ciyar da 'ya'ya huɗu. Ya ce ya yafe mini, ni dai kunyarsa ba ta bar ni ba.

'Yan'uwa, sabo ba sani ba ne. Duk wanda ya ɗauki bindiga ya leƙa cikinta da idonsa, kuma ko ya rantse babu komai, kada ya nuna ta ga mutum. Ni na ji wannan gargaɗin daga bakin wanda na harba, na yi masa dariya.