Karatun da Na Riƙa Yi wa Malam a Ƙarfi

Ina koyarwa a wata kwaleji a Funtua lokacin da na shiga karatun digiri na uku. Ina da iyali, ga ɗalibai na jirana a aji kusan kullum, don haka jami'a ba ta ganina sai ƙarshen mako ko lokacin hutu. Abin da nake bincike a kai abu ne da na tashi ina gani da idona: dalilin da ya sa manoman yankinmu suke barin auduga suna komawa waken suya. Mahaifinmu ya noma auduga har tsufansa, amma ƙannena da suka gaji gonar ba su taɓa shuka ta ba.

Wanda aka ba wa duba aikina wani dattijon farfesa ne, mutumin Ƙarfi ta ƙasar Malumfashi, wanda kowa a sashenmu yake kira Malam kawai. Ba shi da yawan magana. In na kai masa babi, yakan dawo mini da shi cike da jan biro, in koma Funtua in gyara, in sake kawowa. Haka muka yi shekara ta farko, ban san shi ba sosai, shi ma ina jin rubutuna ya fi sani fiye da fuskata.

A shekara ta biyu jan biron ya fara raguwa. Na ɗauka rubutuna ne ya gyaru, har na faɗa wa matata cikin jin daɗi. Ashe idon Malam ne ya fara rauni. Yanar ido ce ta rufe masa gani, ga shi yana da ciwon suga, likitoci suka ce ba za su yi masa aiki ba sai sugan ya sauka ya daidaita. Ya ɗauki hutun jinya ya koma gidansa na Ƙarfi. Shugaban sashe ya kira ni ofis ya ce in ina so za a ba ni wani malami, don kada aikina ya tsaya. Ya ce in je in yi shawara.

Na tafi Ƙarfi wata Asabar cikin damina, da nufin in gaishe shi, in kuma ji ta bakinsa. Masara ta rufe gefen hanya hagu da dama. Na same shi zaune kan kujera ƙarƙashin mangwaro a tsakar gida, da sanda jingine a gwiwarsa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Matarsa, Hajiya, wadda ta yi shugabancin makarantar firamare har ta yi ritaya, ita ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo dafaffiyar gyaɗa. Muka gaisa, na yi masa ya jiki, sannan na gaya masa abin da shugaban sashe ya ce.

Bai nuna damuwa ba. Ya ce sauya malami ba laifi ba ne kuma ba cin amana ba ne, aikin nawa ne, shekarun da ke wucewa ma nawa ne. Ya ce lallai in karɓi malami na biyu a rubuce, wanda zai riƙa sa hannu a takardu yana duba mini lissafi, ya ma ambaci wani matashin dakta a sashenmu da ya ce ya fi shi iya alƙaluma.

"Amma kunnena lafiya lau yake," in ji shi. "In hanyar ba za ta yi maka nisa ba, ka riƙa zuwa kana karanta mini."

Na ce, "Allah gafarta Malam, zan riƙa zuwa."

Haka Asabar ɗina ta koma ta Ƙarfi. In fito da sassafe in hau motar Malumfashi, in isa da hantsi, in bar garin kafin la'asar, don ba mai son yamma ta yi masa a wannan hanyar.

Ranar farko babin bitar ayyukan magabata na ɗauko, wanda na fi alfahari da shi. Da Turanci nake rubuta kundin, kamar yadda dokar jami'a ta tanada. Na gyara murya na fara: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, su wane kuma sun saɓa musu. Na yi nisa sosai kafin na ɗaga kai na ga Malam ya sunkuyar da kai, barci ya ɗauke shi. Na rasa yadda zan yi. Hajiya da ke tsince wake a gefe ta yi mini alama da hannu in dakata, tana danne dariya. Shirun ne ya tashe shi.

Ya nemi afuwa, ya ce maganin da yake sha yana sa shi gyangyaɗi. Sannan ya ce amma ba maganin kaɗai ba ne. Tun da na fara, mutane yake ta ji suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, bai ji inda na tsaya na ce ga wanda na yarda da shi, ga wanda ban yarda da shi ba, ga kuma abin da duk suka bari ba su taɓa ba. Ya ce in ajiye takardun.

"Gaya mini da Hausa, kamar kana gaya wa ƙanenka. Me ka gano?"

Na ce kowa yana cewa faɗuwar farashi ce ta kori auduga, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Auduga sai an tara ta an kai wa mai saye gaba ɗaya, shi ke yanke farashi, manomi ya jira. Waken suya kuwa yana zaune a ɗaka, ana ɗiban tiya ɗaya ko biyu a kai kasuwa ranar da buƙata ta taso, matan gida kuma suna yin awara da shi su sayar. Amfanin gona ne da gida ke iya taɓawa duk shekara.

Ya tambaye ni ina wannan maganar take a cikin kundin. Na duba na ce tana can tsakiyar babi na biyar. Ya ce to wannan ita ce kundin, sauran duk rakiya suka yi mata, in ɗauko ta in kawo ta shafin farko, sannan kowane babi ya nuna abin da yake yi mata. Na koma Funtua ranar raina ba daɗi, don na ga aikin watanni zai rushe. Amma da na zauna na fara, sai na ga abubuwa da yawa da na sha wahalar rubutawa ba su da wurin zama, kuma ban yi kewarsu ba da na cire su.

Karatu a bayyane ya tona mini abin da ido ke ɓoyewa. Ina da jimloli masu tsawon da numfashina ke ƙarewa kafin in kai ƙarshensu. Duk lokacin da na tsaya jan numfashi a tsakiyar jimla, sai Malam ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya, ni kuma in sa alama da fensir, na san nan za a raba ta. Akwai manyan kalmomi da na kwaso daga littattafai, waɗanda in ya ce in fassara masa sai in kama kame-kame. Irin waɗannan cewa yake in cire su, in sa kalmar da na sani. In na ambaci wani marubuci, yakan tambaya ko na karanta aikin da idona ko a bakin wani na ji. Ya kuma hana ni jiran hutu kafin in yi rubutu. Ya ce ko shafi ɗaya ne in rubuta bayan sallar asuba kafin in tafi kwaleji, mai kyau ko marar kyau, don ya sami abin da zai gyara ranar Asabar.

Da kaka ta yi, maganar wallafawa ta taso. Ba a barin mutum ya kare kundinsa sai ya fitar da maƙala daga cikinsa a mujallar ilimi. Wani abokin aikina ya nuna mini wata mujalla a waya, ya ce in ka biya su, cikin mako guda maƙalarka ta fito, babu wahala. Na kawo wa Malam maganar ina ɗan jan ƙafa. Bai yi faɗa ba. Tambayata ya yi wa zai karanta maƙalar kafin a buga ta, wa kuma zai karanta ta bayan an buga. Ya ce sunana zai zauna a kanta har bayan na tsufa, ya ambaci wata mujalla da masana harkar noma ke karantawa da gaske, ya ce can za mu tura, kuma in shirya jira.

Da na shirya maƙalar, na sa sunan Malam a gaba, kamar yadda na ga ana yi. Da na karanta masa shafin farko ya ce in mayar da nawa gaba, na matashin daktan ya biyo baya tunda shi ya zauna da ni kan lissafin, nasa ya zo ƙarshe. Ya ce wanda ya shiga gonaki ya yi rubutun shi ke gaba.

Amsa ba ta zo ba sai da rani ya yi nisa. Ba su karɓa ba, ba su kuma ƙi ba: sun ce a yi babban gyara a sake turowa. Ɗaya daga cikin masu tantancewar ya yi rubutu mai zafi. Na karanta wa Malam, ina tsayawa ina kare kaina bayan kowace magana. Ya bar ni har na gama. Sannan ya ce kada in rubuta musu komai a wannan makon, in ajiye takardar har zuciyata ta huce. In na dawo kanta, in raba maganganun: akwai inda suka yi gaskiya, akwai inda ba su fahimce ni ba saboda ban rubuta a fili ba, akwai kuma inda suka yi kuskure. Na farko da na biyu in gyara in yi godiya. Na ƙarshe in ba da hujjata cikin ladabi, ba tare da na nuna an ɓata mini rai ba.

Da na huce na sake dubawa, mai zafin nan shi ya fi kowa gaskiya. Ya ce ina magana a kan abin da matan gida ke yi da waken suya, alhali duk waɗanda na yi hira da su maza ne. Haka ne kuwa. A zaure da bakin gona na yi hirarrakina, ban shiga cikin gida ko ɗaya ba, ba kuma zan iya shiga ba.

Hajiya ce ta warware mana. Ta ce matata ai malamar makaranta ce, me zai hana ta shiga gidajen. Na nemi izinin sashe, na zauna da matata muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta gyara mini wasu da ta ce ba macen da za ta amsa su yadda na tsara. Muka yi ta zuwa Maska da ƙauyukan gefenta a kan babur, ni in zauna a zaure da maigida, ita ta shiga ciki. Abin da ta fito da shi ya ƙarfafa maganata, ya kuma gyara ta: a gidaje da yawa matan ne suka fara matsa wa mazansu su ware wa waken suya wuri a gona. Wannan ya ƙara mini kusan shekara a karatun. Maƙalar ta fito daga baya, da sunan matata a wurin godiya.

Kafin in kare kundin, sugan Malam ya daidaita, aka yi masa aiki a ido ɗaya, ya fara gani. Ya zo ranar kariyar da baƙin tabarau, ya zauna a gefe yana saurare har aka gama. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a ya ba ni gyare-gyare masu ɗan yawa, amma ya ce na ci. Malam bai koma aiki sosai ba bayan nan, ritaya ta zo ta same shi a Ƙarfi, ni kuma jami'ar ta ɗauke ni koyarwa a sashen.

Da na kai masa kundin bayan an ɗinke shi da baƙin bango, ana cikin sussukar waken suya a bayan gidansa. Ya juya shi a hannu, ya karanta taken da kansa a hankali, ya miƙa wa Hajiya ta kai ɗaki. Sai ya ce akwai wata ɗalibarsa da ta yi nisa a aikinta, ta haihu, mahaifiyarta kuma ta kwanta ciwo, daga nan aka daina jin ɗuriyarta. Ya riga ya yi wa shugaban sashe magana a haɗa ta da ni, in taimaka wa wanda zai gaje shi. Na ce to zan jira ta zo ta same ni.

"Ba za ta zo ba," in ji shi. "Ɗalibin da ya daɗe bai kawo komai ba kunya ke riƙe shi, kullum kuma ƙaruwa take. Kai za ka kira ta."

A tashar Malumfashi na kira ta, ina jiran mota ta cika. Da ta ji ko ni wane ne, ta fara ba da haƙuri, ta ce ta daɗe ba ta rubuta ko layi ɗaya ba, ba ta ma san ta inda za ta kama ba. Na tambayi jikin mahaifiyarta da lafiyar jaririn. Na ce ta zo da abin da ke hannunta yadda yake, kada ta tsaya gyara komai. Ta ce ranar Litinin tana da wanda zai riƙe mata yaron.

Ta zo ranar Litinin ɗin da babi biyu a cikin leda, gefen takardun ya ɗan yi ja saboda daɗewa. Muka fara daga nan.