Man Giyar da Na Canja wa Abokina

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa a kan wannan magana. Wanda abin ya shafa ya riga mu gidan gaskiya, kuma ina tsoron ɗaukar alhakin mamaci. Amma zuciyata ta ƙi barina in huta.

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da damina ta yi ta ƙin zuwa, abokina ya dawo Gagarawa daga Tafkin Cadi inda yake kamun kifi. Ruwa ya ja baya, sana'a ta tsaya. Abin da ya dawo da shi kawai injin kwalekwalensa ne, naɗe cikin buhu. A zaurena ya jingine shi, don ya ce ni ne mutumin da ko allura aka ba shi ajiya ba ya barci. Bai yi ƙarya ba. Kullum sai na leƙa na tabbatar farfelar injin tana nan, alhali duk garin babu wanda ya san abin da zai yi da ita.

Wata Laraba da hantsi ya zo da sabon man giya, wato man da ake zuba wa giyar inji. Ya ce gobe zai kai injin kasuwar Maigatari, akwai wani ɗan Damagaram da ke sayen irinsa yana kaiwa gabas.

"Kai za ka canja man," in ji shi. "Hannunka ya fi nawa tsabta."

Na yi mamaki, don ni ko keke ban taɓa kwancewa ba. Ya nuna mini noti biyu a ƙafar injin, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Na tara kwano, na kwance su. Abin da ya zubo fari ne, mai kauri, kamar kindirmon da Fulani ke kawo mana.

"Haka mai yake?" na tambaya.

"Na bakin tafki haka yake. Na Faransa ne. Zubar da shi bayan gida."

Bai kalle ni ba da yake faɗa. Ya sa na matsa sabon man ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama, sannan na ɗaure. Shi yana zaune a kan tabarma, ko yatsa bai sa ba. Na wuni ina juya abin a raina. Me ya sa sai ni? Me ya sa sai ana gobe kasuwa?

Washegari ya matsa sai na raka shi. A bayan kara, inda ake ɗaure shanu, muka sami mai sayen, dattijo mai ƙaramin gemu. Ya durƙusa, ya sassauta notin ƙasa, ya taɓa man da yatsa. Garau, kamar zuma.

Abokina ya dafa kafaɗata. "Alhaji, ga wanda injin ke hannunsa. Tambayi kowa a Gagarawa, wannan bawan Allah ko da wasa ba ya ƙarya. Shi ke kula da man."

Dattijon bai tambaye ni komai ba, ya dube ni kawai ya gyaɗa kai, ya miƙa hannu za a sallama. Na ga da sunana ake shirin sayar da abin da ban sani ba. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, jiya na zuba wannan. Wanda na fitar fari ne kamar kindirmo."

Dattijon ya janye hannunsa a hankali. Ya goge yatsa da gefen buhu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ya shige cikin shanu.

A mota abokina bai yi faɗa ba. Sai da muka wuce Gumel ya ce, "Malam Tsoro, ka taɓa ganin kwalekwale a kan ruwa?"

Na ce a'a.

"To ka hana yarana tuwo a kan abin da ba ka sani ba."

Da muka dawo ya ɗauke injin daga zaurena, ban san inda ya ƙare ba. Mun yi shekara muna gaisuwar nesa, daga baya muka shirya a wajen wani suna. Har ya rasu muna cin tuwo kwano ɗaya, kuma babu wanda ya sake tayar da zancen.

Wani direba ya taɓa ce mini ruwa ne ke shiga mai ya yi fari, alamar robar da ke tare ruwa ta mutu. Amma shi ma mota ya sani, bai san jirgin ruwa ba. Idan maganar direban gaskiya ce, abokina ya so ya yi ciniki da mutuncina. Idan kuwa akwai farin mai na gaskiya, to ni na tozarta shi a tsakiyar kasuwa a shekarar yunwa, kuma ban taɓa neman gafararsa ba.

Don Allah, duk wanda ya yi aikin injin kwalekwale a wancan zamani, a Cadi ko a kogin Haɗeja, ya faɗa mini gaskiya: an taɓa sayar da man giya fari? Ina yi masa addu'a kullum. Ina so in san ko ni zan yafe masa, ko ni ke neman yafiya.