Ɗan Ƙungiya

Yayana Mudassir ɗan acaɓa ne a Kabo, kuma in ka hau bayansa ba za ka taɓa cewa akwai ranar da jama'ar Gwarzo suka miƙe tsaye saboda shi ba. Ni na ga ranar da idona. Shi ya sa har yau in aka ambaci Ƙungiyar Mu Tallafa a gabana sai na yi tsaki, ko a gidan biki ne. Ana cewa Saudatu ba ta da mantuwa. To ba ni da ita, ba na kuma neman ta.

Ƙungiyar ta 'yan boko ce da 'yan kasuwar yankinmu, masu cike ramukan hanya da yasar rijiyoyi da raba tabarmi a masallatai. Sun yi aiki, ba zan ci haƙƙinsu ba. A shekarar da Mudassir ya gama sakandare ne suka ƙirƙiro karrama ɗaliban ajin ƙarshe da suka yi fice, shi ne kuma ya zo na ɗaya a duk makarantun da suka duba. Daga Dugabau muka tafi Gwarzo a bayan akori-kura, ni da Baba da Inna, kowa ya ci kayan sallarsa. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Jibirin, ya kama hannun Mudassir ya ɗaga sama, ya miƙa masa akwatin tafiya sabo fil, wai a ciki zai zuba kayansa ranar wucewa jami'a. Sannan ya juyo wajen Baba, bakinsa a kan lasifika.

"Malam Ahmadu, ka huta. Daga yau wannan yaro ɗan ƙungiya ne. Karatunsa a wuyanmu yake har ya zama likita."

Baba yana da wani bijimi da ya daɗe yana kiwo da harawa da dusa da kanwa, ba don komai ba sai don karatun Mudassir. Da muka koma gida sai ya ce tun da Allah ya sauke masa wannan nauyi, rashin godiya ne mutum ya karɓi irin wannan alheri ya yi shiru. Aka yanka bijimin, aka gayyato 'yan ƙungiya da mutanen gari, aka yi walima. Inna ta yi magana sau ɗaya, ta ce a bari yaro ya tafi tukuna. Baba ya ce manya sun yi alkawari a gaban hakimi, ita wace ce da za ta yi shakka. Na ci naman nan ni ma, kuma ya yi daɗi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Damina ba ta ƙare ba gwamnati ta ƙara tsuke bakin aljihu. Sabulu ya zama abin ɓoyewa, madarar gwangwani sai gidan mai jego, ma'aikata kuwa aka shiga rage su. Rabin 'yan ƙungiyar nan masu albashi ne, kowa ya koma yana ta kansa. Wannan ban ga laifinsu ba. Laifinsu shi ne ba wanda ya iya buɗe baki ya ce wa Baba, Malam, abin nan ya fi ƙarfinmu, nemi wata hanya.

Mudassir ya sami gurbi a jami'a. Baba yakan wanke rigarsa ya tafi gidan Alhaji Jibirin. Sai su gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya gona, ya muka ji da wannan zamani, har gaisuwa ta ƙare Baba bai faɗi abin da ya kawo shi ba, don a wurinsa tuna wa babba alkawari cin fuska ne. Shi kuma Alhaji in ya rako shi ƙofa sai ya ce, "Muna sane da ɗanmu." Baba ya dawo gida da wannan kalma kamar an ba shi wani abu a hannu. Haka aka yi ta yi har gurbin ya wuce, aka sake nema, ya sake wucewa.

Kawunmu ya samo wa Mudassir aikin jiran shagon magani a Kano, da niyyar ya tara ya koma karatu da kansa. Baba ya hana. Ya ce in ƙungiya ta aiko ta tarar ɗanta yana jiran shago, da wane ido zai kalle su? Shi ma Mudassir ba ya musu da Baba, ba ya musu da kowa, halinsa ke nan mai ƙona mini rai. Ya zauna a Dugabau yana noman dawa yana jiran aike. Akwatin dai da shi aka kai lefen matarsa Badi'a, daga baya ya koma ma'ajiyar tsumman yara har ya yage. Baba ya rasu yana cewa a yi haƙuri, suna sane.

Da gona ta kasa riƙe gida sai Mudassir ya koma Kabo ya karɓi babur. Kuma kada ka ce ya yi fushi da ƙungiya. Duk shekara in ranar karramawa ta zo, shi ne mai jigilar kujeru, shi ne mai ɗaura rumfa, shi ne mai ɗauko janareto. Ba a biyansa, ba a kuma ambatonsa. In na yi masa faɗa sai ya yi murmushi ya ce, "Saudatu, ai gida ne." Gidan da ko ruwa ba a ba ka.

Da aka ƙaddamar da shari'a mun yi murna kamar kowa, har da kabbara. Amma da aka zo aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, sai cinikinsa ya karye biyu, don masu zuwa awo da masu kai ƙuli-ƙuli kasuwa su ne abokan cinikinsa. Bai yi ƙorafi ba. Ya rage cin nama, ya daina shan shayin safe a tasha, amma bai taɓa bari an koro 'yarsa Rufaida daga makaranta ba.

Rufaida ta ɗauko kan ubanta. Sai dai labarin ubanta a bakinmu kawai take jinsa. Ƙawayenta suna tsokanarta cewa kowane ɗan acaɓa in ka zauna da shi zai ce maka shi ke zuwa na ɗaya a ajinsu. Badi'a ma in ranta ya ɓaci takan ce likitan da bai taɓa duba ko kaza ba. Yarinya tana ji, tana kallon ubanta yana dawowa da ƙafa duk baƙin mai. Mudassir ya daɗe da cire rai da jami'a. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: waɗanda suka ɗaga hannunsa ran nan su faɗa da bakinsu, a gaban 'yarsa, cewa an yi haka.

Sai ga shi Rufaida ta zo ta ɗaya a cikin 'yan mata, kuma a shekarar a Kabo za a yi taron. Sakataren ƙungiya, wani matashi Zayyad, ya zo har gida ya ce an yanke shawara: za a gabatar da Mudassir a matsayin wanda ya fara cin wannan kyauta, shi zai miƙa wa 'yarsa tata. Ban taɓa ganin yayana haka ba. Ya je aka yi masa aski, ya ari babbar riga ta shadda wurin wani abokinsa, ya kai ta aka buga. Har tambayata ya yi ko ya dace ya ce wani abu in an ba shi lasifika, ko ya yi shiru kawai.

Ranar taro an kwana ana ruwa. Muna bakin filin taron, Mudassir ya sha babbar rigarsa, sai ga Zayyad a guje. Wai motar babban baƙo mai jawabi, wani Dakta Hambali daga Kano, ta mutu a wajen Gude, a taimaka a ɗauko shi. Filin nan cike yake da masu motoci, amma wanda aka saba aika shi aka aika. Babbar riga ba ta hawa babur, taya za ta naɗe ta. Ya tuɓe ya ninke ya miƙo mini, ya ce in riƙe masa, yanzu zai dawo.

Kafin ya dawo an zaunar da mutane. Maza gefe guda, mata gefe guda, an ja igiya a tsakani, samarin ƙungiya suna tsare da ita. Na hango shi ya sauke baƙo, wandonsa duk taɓo har gwiwa, tsohuwar rigar aikinsa ta manne masa a baya. Na miƙe da rigar zan kai masa, wani yaro da na girme wa uwarsa ya ce mini Hajiya a koma a zauna, an fara. Na ce to ya miƙa masa. Ya ce sai an gama addu'a. Aka gama addu'a ya ɓace. Mudassir ya sami benci a can baya ya zauna yana waige.

Dakta Hambali ba mugu ba ne, wannan ma yana cikin abin da ke cina. Ya yi jawabi mai kyau, rabi Hausa rabi Turanci. Can sai ya ce zai ba ɗalibai misali da abin da ya gani yau da idonsa.

"Ina bawan Allahn da ya ɗauko ni a babur? Tashi a gan ka."

Mudassir ya miƙe. Na ga fuskarsa, ya zaci lokacin ne ya zo.

"Kun ga wannan? Mutum mai hankali, mai ladabi, ko kuɗina ya ƙi karɓa. Na tambaye shi ko ya yi makaranta, ya ce ya ɗan taɓa. To kun ga inda ɗan taɓawa ke kai mutum. Da ya daure ya yi karatu kamar ku, da yanzu yana nan sama tare da mu. Ku dube shi da kyau, kada ku yi wasa da damarku."

Ɗalibai suka yi dariya, aka tafa. Ni ba Dakta nake kallo ba, teburin manya nake kallo. Akwai mutum a ƙalla huɗu a wurin da suka ci naman bijimin Baba. Alhaji Jibirin ya tsufa amma kunnensa garau yake. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, da ya ga ana tafi shi ma ya ɗan tafa. Mudassir ya ci gaba da tsayuwa, don ba wanda ya ce ya zauna, sai da wanda ke kusa da shi ya ja masa riga.

Na ce a raina, bari a zo wajen miƙa kyauta, gaskiya za ta fito. Sai na ga Zayyad ya durƙusa kusa da Alhaji suna raɗa. Daga baya na ji abin da suka ce: in aka kira Mudassir yanzu, baƙo zai ji kunya, kuma ba a kunyata baƙon da ya taso tun daga Kano. Aka kira Rufaida. Ta fito cikin farin hijabinta, idonta a ƙasa, Dakta Hambali ya miƙa mata kyautarta, aka ɗauki hoto. Babbar riga tana kan cinyata har aka shafa fatiha.

Da aka watse na nufi inda Mudassir yake, sai na tarar Zayyad ya riga ni. Yana ba shi haƙuri, wai baɗi in Allah ya kai mu za a gyara, sannan ko zai taimaka ya mayar da Dakta wajen motarsa, bakanike ya gama. Na buɗe baki zan yi abin da na iya, Mudassir ya dube ni ya girgiza kai. Ya goge wurin zaman da hannun rigarsa, Dakta ya hau, suka tafi.

Ni da Rufaida muka taka zuwa gida a ƙafa, muna kauce wa kwatami, ita da kyautarta ni da rigar aro. Na kasa yin shiru. Na soma ba ta labarin Gwarzo tun daga akori-kura, da yadda aka ɗaga hannun ubanta, da yadda hakimi da kansa ya miƙe. Tana ta saurare har muka kai kwanar gidansu. Nan ta tsaya ta kama hannuna, a hankali, yadda ake yi wa marar lafiya.

"Gwaggo, ku daina wahalar da kanku. Ko Baba bai taɓa zuwa na ɗaya ba, ni ubana ne, kuma ba na jin kunyarsa."

Na rantse mata da Allah cewa an yi, na ce ina wurin, na ce ta je ta tambayi duk wanda ta ga dama a Dugabau. Ta ce, "To, Gwaggo." Ta karɓi rigar daga hannuna ta ce za ta ajiye masa, don kada ta yi datti kafin a mayar wa mai ita.