Ranar da Nan-Kusa Ya Ce Da Nisa

Yayana direba ne, ko in ce a da direba ne, don yanzu abin da yake tuƙawa bai wuce kujerar robar da yake ja daga wannan inuwa zuwa waccan a ƙofar gida ba. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Nan-Kusa kowa ke ce masa, har matarsa idan ya kai ta bango. Asalin sunan kuwa, duk shekarun da ya yi yana jan doguwar bas daga gari zuwa gari, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko an kusa isa ya sami wata amsa ban da "ai nan kusa ne". Mai tsohon ciki ta tambaya, nan kusa ne. Dattijon da fitsari ya matsa ya tambaya, nan kusa ne. Ni kaina na taɓa binsa ina saurayi. Ya ce mini nan kusa ne, na ci, na yi barci, na farka, na sake jin yunwa, gemu ya fara tsiro mini, ba mu isa ba.

A ganinsa ba ƙarya yake yi ba. Yakan ce in ka gaya wa fasinja gaskiyar nisa, tun ba a tashi ba ya gaji. Kuma shi da ke zaune bayan sitiyari, hannu ɗaya a taga, hanya ce ke zuwa ta same shi.

Sai ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki. Baki ya dawo daidai, abin da ni da matarsa muka yi wa juna jaje a kai, hannu ma ya dawo, amma ƙafar hagu ta ƙi. Ya ce ba komai, ƙafar kuloci ce, an bar masa ta totur. Duk da haka ya ajiye mota. 'Ya'yansa manya kowa na gidansa, saura Auta.

Auta yaro ne marar hayaniya, ban san inda ya gado hakan ba a zuriyarmu. Ya gama karatu ya sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani babban asibiti, can ɗaya gefen gari, inda yake wuni yana leƙa jinin mutane a na'ura. Ubansa Likita yake ce masa. Auta ya gaji da bayanin cewa shi ba likita ba ne, ya haƙura yana amsawa. Kullum da yamma in ya dawo, kafin ya taɓa abinci, sai ya wanke hannu ya ɗauko kwalbar man zafi, ya zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafar nan ta hagu a cinyarsa yana matsawa tun daga idon sawu har gwiwa. Uban kuma yana ba shi labarin hanyoyi: kwanar da ke cin taya, gadar da ba a hawa da gudu. Labaran nan Auta ya haddace su tun yana rarrafe, amma kullum sai ya ce, "To sai aka yi yaya, Baba?" Wannan zaman shi ne abin da ya rage wa Yaya na tafiya.

Wata rana Auta ya zo shagona, ina kan keken ɗinki ina fama da wuyan wata riga. Ya zauna ya yi ta juya almakashi a hannu har na ce ya ajiye kafin ya yanke mini rana. Sai ya buɗe baki. Ya ce yana fita gari bai gama wayewa ba, ya dawo rana ta faɗi, rabin ƙarfinsa a hanya yake ƙarewa. Ya ce aikinsu ba ya son ido mai nauyi, kuma shekaranjiya ya tsinci kansa yana gyangyaɗi a kan na'ura da jinin wani a gabansa. Yana so ya kama ɗaki kusa da wurin aiki, amma ya kasa gaya wa ubansa. "Baffa, kai kake iya masa," in ji shi.

Na je na faɗa. Yaya ya dube ni kamar na zo sayar masa da mota marar inji. Wane ɗaki? Asibitin da yake nan kusa? Ya ce shi da ya san garin nan kamar aljihunsa, in ya tashi daga ƙofar gidan nan, kafin shayi ya huce ya isa. Na tuna masa cewa garin da ya sani ya hayayyafa tun bayan da ya ajiye mota, ya ce titi ba ya haihuwa.

Da ya ga uwar yaron ta goya mana baya, sai ya sauya giya. Ya ce to, a je a duba, amma da shi za a je. Ranar hutun Auta muka ɗauki tasi, ni da su biyun da wani dillali mai bakin da ya kusa kamo nawa.

Dillali ya fara kai mu sabuwar unguwar da abokan aikin Auta ke rububi: dogayen katangu, ƙofar ƙarfe, titi shafal, shiru kamar an yi rasuwa. Auta ya tsaya a tagar wani ɗaki yana kallon itatuwa, na ga abin ya shiga ransa. Yaya ya yi wa wani da ke wanke mota sallama, mutumin ya ɗaga soso kawai. Shi ke nan an gama. Yaya ya ce unguwar da ake amsa sallama da soso, in ka faɗi a banɗaki sai wari ya sanar.

Ta biyu tana bakin kasuwa. Ruwa na zuwa, wuta na zuwa, amma a ƙarƙashin tagar akwai mai walda, kuma ɗakin yana hawa na uku. Yaya ya tsaya a gindin matakala ya ɗaga kai, ya dubi sandarsa. Na lura Auta ma sandar yake kallo. Bai ko hau ba, Auta ya ce wa dillali a wuce.

Ta uku tana bayan asibitin, daga tsakar gidan kana hango tankin ruwansu. Ɗaki mai kyau, maƙwabta masu fara'a, har wata tsohuwa ta kawo wa Yaya kujera. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya murɗa famfo, ya leƙa kwata. Ya rasa abin kushewa. Sai ya zauna, ya dafa sanda da hannu biyu, ya ce a hankali, "Da nisa."

Na ɗauka kunnena ne. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba.

"Yaya," na ce, "asibitin nan kusa ne, amma gidan da ke jingine da katangarsa da nisa? Wane irin titi ne wannan, mai ƙara tsawo in an zo maganar wurin kwana?"

"Kai dai tela ne," in ji shi. "Abin da ka sani a awo bai wuce wando ba."

Dillali ya yi dariya, ni ma na yi. Auta bai yi ba. Ya ce mu koma gida, maganar ɗaki a bar ta tukuna.

Aka bar ta. Auta ya ci gaba da fita da dawowa, wuyan rigarsa na ƙara yi masa yawa, ni da nake ɗinka masa na fi kowa sani. Sai wata yamma, kamar yadda matar Yaya ta ba ni labari, yana cikin matsa ƙafar, uban na tsakiyar labarin gadar nan, aka zo wurin da ya saba cewa "to sai aka yi yaya", shiru. Yaya ya duba, ya ga yaro ya kifa goshi a kan gwiwarsa yana barci, hannu duk mai. Ta ce ta zo za ta tashe shi, Yaya ya ɗaga mata hannu. Haka ya zauna bai motsa ba har abinci ya huce, har lafiyayyar ƙafar ma ta yi sanyi. Da ta zo ɗauke kwanuka sai ta tambaye shi, ba da faɗa ba, ko shi a rayuwarsa ya taɓa tsayawa jiran mota.

Bai taɓa ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin bas bai taɓa zama fasinja ba. Shi ake jira.

Washegari da sassafe aka buga mini ƙofa. Yaya ne, da hularsa ta fita unguwa, wai zai raka Likita aiki, a bas, ni kuma in zo in zama sanda ta biyu. Auta ya yi magiya, Yaya ya ƙi ji.

Muka tsaya a bakin titi. Bas ta zo cike ta wuce. Wata ta zo, kwandasta na lilo a ƙofa, ta wuce. Yaya ya fara sauya ƙafa, alhali ɗaya ce gare shi ta sauyawa. Da muka samu shiga, wata yarinya ta tashi ta ba shi wuri, mu muka tsaya, hancina a hammatar wani bawan Allah da ban yafe masa ba har yau. Muka sauka a mahaɗa, muka tsallaka titi, muka sake jira, muka sake shiga wata. Sannan cunkoso ya riƙe mu. Ina kallon ƙafar Yaya ta dama tana taka birkin da babu, tana neman totur a ƙasan kujerar wani. Auta kuwa ya riƙe ƙarfe, ya jingina kai a damtsensa, idonsa a rufe. A tsaye yake barci, kuma ka ga ya ƙware.

Can wata mata da jariri a kafaɗa ta ɗaga murya ta tambayi direba ko an kusa asibiti. Direban, wani matashi mai tsinke a baki, ko waiwayowa bai yi ba.

"Ai nan kusa ne, Mama."

Yaya ya miƙa sanda ya taɓa bayan kujerarsa. "Ɗana," in ji shi, "ka ji tsoron Allah."

Na yi dariya har sai da mai hammata ya tambaye ni ko lafiya. Yaya bai yi ba. Ya juya ya gaya wa matar tsakani da Allah cewa da saura, ta gyara wa yaron kwanciya.

A ƙofar asibiti ya zauna a kan dakali yana mayar da numfashi. Auta ya durƙusa zai duba ƙafar, ya janye ta. Ya gyara wa yaron wuyan riga, ya kakkaɓe masa kafaɗa, ya ce, "Likita, ka kama ɗakin nan na bayan katanga. Ƙafa tawa ce, zan iya da ita."

Sai Auta ya ce ba wannan yake so ba. Ashe ya ci gaba da dubawa shi kaɗai a lokacin cin abincin rana. Ya sami wani a tsohuwar unguwa, gaba kaɗan da asibitin, tafiyar ƙafa ce marar wahala. Ba shi da itatuwan sabuwar unguwa, fentinsa ma ya sha jiki. Amma a ƙasa yake, ba matakala ko ɗaya, kuma a daidai ƙofarsa wata bas take ƙare tafiyarta. Ita ce bas ɗin nan da ke bi ta gaban gidan Yaya da hantsi, kusan ba kowa a ciki, tana zagaye gari kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Ba ta da amfani ga mai sauri. Amma ba a sauka a sake wata, kuma kujerar gaba kullum ba kowa a kanta.

"Ba ka da inda za ka ɓata, Baba," in ji Auta. "In ta tsaya ta kashe inji, ka iso."

Yaya ya dubi takalminsa. Sannan ya ce shi ne za a koya wa hanya? Muryar dai ba ta fita daidai ba, sai ya ɗora laifin a kan hayaƙin motoci.

Ranar tashi, uwar na ninke zannuwan gado tana share ido da gefen mayafi. Auta ya dafa ta ya ce, "Inna, ai nan kusa ne." Yaya daga kan kujerarsa ya ce kada ya soma, wannan sana'ar an rufe ta a gidan nan.

Yanzu duk ranar hutun Auta, da hantsi, za ka ga Yaya a bakin titi da hularsa, kwalbar man zafi a aljihun gaba, kwanon da matarsa ta ɗaure a hannu. Yakan zauna kusa da direba ya yi ta gyara masa tuƙi har su isa, kuma na ji an ce direbobin layin sun fara yin ƙuri'a kan wanda zai ɗauke shi. Makon jiya na raka shi bakin titi. Da bas ɗin ta ɓullo, tsokana ta motsa mini, na ce, "Yaya, gidan Likitan nan, da nisa?"

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Da nisa," in ji shi. "Riƙe mini kwanon in hau."