Shanun Huɗar da Muka Baro a Mai'adua

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar muka tashi daga Kano, mu huɗu a kujerar baya ta wata ƙaramar mota da aka ƙera don mutum uku. Kuɗin mota zuwa Daura ya kusa ninka na bara, kuma da na yi ƙorafi direba ya nuna mini gidan mai da leɓe. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi zan je in ɗauko a ƙauyensu da ke kusa da Babban Mutum, in raka shi kasuwar Mai'adua ya sayi shanun huɗa kafin ruwa ya sauka.

Shanun nan suna da tarihi. Annoba ta kashe masa bijimi ɗaya shekarun baya, ya sayar da ɗayan, tun daga nan kullum damina sai ya jira masu shanu su gama nasu kafin su waiwayi gonarsa da haya. Wanda aka yi wa huɗa a makare kuwa ya san abin da zai tarar a rumbu. Saboda haka ya yi ta tara kuɗin riɗi da wake, damina bayan damina, har suka kai na bijimai biyu. Ni ne na matsa masa ya daina ɓoye su a ɗaki ya kai banki, ni na raka shi aka buɗe asusu aka ba shi katin cirar kuɗi. Har lacca na yi masa a kan ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare da ke jikin katin, na ce wannan ba a iya kwaikwayonsa, ko ɓarawo ya kwana a kai.

Hanya daga Dambatta zuwa Kazaure ba laifi, sai dai shingayen jami'ai da suka sa direba ya yi ta gaisawa da hannu a dunƙule. Gonaki duk an share, an tara taki tsibi-tsibi, ana jiran sama. A Daura na karya da ɗan wake mai zafi a bakin tasha, da mai da yaji har ya sa ni hawaye, sannan na hau motar Baure. Wannan ita ce motar da ba ta da gaggawa: a Zango muka tsaya aka ɗora buhunan taki, gaba kaɗan aka sauke wata tsohuwa da kajinta, aka jira ta je ta karɓo canji. Ragowar hanyar a kan babur na yi ta, cikin rairayin da ya sa na sauka na taka da ƙafa a wurare da dama.

Na tarar da Kawu yana murza sabuwar igiya a ƙofar gida. Ya riga ya gyara turke, ya tanadi harawa, har garmar da ta daɗe a rataye ya kai maƙera an wasa ta. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, na ci kamar ba ni ne mai cewa ina rage tuwo ba. Katin yana cikin leda, ledar cikin tsumma, tsumman cikin aljihun 'yar ciki. Da safe da za mu fita na tambaye shi waya, ya ce tana shagon mai caji tun jiya, kuma me za a yi da ita tunda ga tawa. Ban ja maganar ba.

Mai'adua ranar Lahadi sai wanda ya gani. Tun daga nesa ake hango tireloli sun yi layi suna jiran lodin Kudu. Ga raƙuma, ga tumaki Balami masu tsayi kamar maruƙa, ga baƙi daga Nijar, ƙetaren iyakar Kongolam, da rawunansu, ga 'yan canji suna kaɗa sefa da naira. Hausa kala-kala ake yi, wata ma sai ka saurara da kyau. A bakin kara, wato wajen shanu, masu POS sun jeru a ƙarƙashin laimomi, kowa da na'urarsa da ɗan teburinsa.

Kawu ya ce a fara cire ɗan abin kashewa, na la'ada da abinci, a ga ko katin yana aiki a nan. Wani mutum mai farar shadda da ke can ƙarshen layi ya taso ya tarbe mu, ya durƙusa ya gaishe da Kawu, ya ba shi kujerarsa, ya tambayi gida da gona. Kawu ya kwance tsumma ya miƙa masa kati da hannu biyu. Mutumin ya zura, ya riƙe na'urar a gabansa ya ce, “Baba, faɗi lambar in danna maka, kada ka wahala.”

Kawu ya faɗa, a fili, da muryar da yake kiran yara daga gona.

Ina tsaye a wurin. Na san ba haka ake yi ba, ni da bakina na sha gaya wa mutane. Amma a wajenmu yaro ba ya gyara wa babba a gaban baƙo, balle a ce ka fizge abu daga hannun mutumin da yanzu ya durƙusa wa kawunka, kamar ka kira shi ɓarawo. Na bar shi ya danna lambar. Mutumin ya sauke na'urar ƙasan tebur wai yana neman sabis, ya ɗaga ta sama, ya girgiza kai ya ce yau abin sai haƙuri, mu zagayo an jima. Ya miƙo kati mai launi irin na Kawu. Kawu ya karɓa ya naɗe nan take, don a ganinsa duba abin da mutum ya mayar maka a gaban idonsa rashin kunya ne. Har addu'a ya yi masa.

Muka shiga kara. A nan na ga Kawu a fagensa. Ya buɗe bakin bijimi ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya shafa wuya inda karkiya za ta zauna, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Wanda na yaba da ƙiba ya ce wannan na mahauta ne, rabin kadada zai kwanta. Sai bayan azahar ya tsaya a kan wasu bijimai biyu, fari da ja, na wani dattijo da ya koro su daga ƙetare. Dillali ya yi ta kai da kawowa, a taya a ce albarka, a ƙara a ce albarka, har dai mai shanu ya ce ya sallama. Aka yi musabaha, Kawu ya ciro sabuwar igiyarsa ya ɗaura wa farin da hannunsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Dillali ya kai mu shagon wani mai POS da suka saba hulɗa, mai rumfar kwano da suna a rubuce. Wannan shi ya juyo wa Kawu na'urar ya ce ya danna da kansa. Ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Mai shagon ya zare katin ya juya shi, ya dube mu ya ce, “Baba, wannan ai sunan mace ne a jiki. Wa ya taɓa riƙe maka shi yau?”

Da gudu na koma bakin kara. Laimar tana nan, kujerar tana nan, mai farar shadda ba ya nan. Maƙwabtansa suka ce yau suka fara ganinsa, laimar ma ta wani ce da bai fito ba. Na yi ƙoƙarin rufe asusun ta wayata, aka nemi lambar asusu, Kawu bai haddace ba, takardar tana gida. Saƙon banki kuma duk yana shiga wayarsa, can a shagon mai caji. Kafin in samu wanda zai je ya karɓo ta ya karanto mini, la'asar ta yi. Saƙonni ne jere, an cira a nan, an saya a can, tun muna duba haƙoran shanu ake yi. Abin da muka tsare bayan ya karanto mini lambar asusun an rufe, ko maraƙi ba zai saya ba.

Komawa wajen mai shanu ya fi mini komai nauyi. A kara idan an sallama an gama, mutum ba ya dawowa ya ce ya fasa, kuma ga shi dattijon ya kori masu taya saboda mu. Kawu bai bar ni na yi magana ba, shi ya yi bayani da kansa, a taƙaice. Dattijon ya ce Allah ya mayar da alheri, shi ma an taɓa yi wa ɗansa. Kawu ya matsa ya kwance igiyarsa daga wuyan farin bijimin, ya naɗe ta a hannu a hankali. Mutane suka kau da kai.

A Daura muka kwana gidan wani ɗan'uwa. An kawo abinci, Kawu ya ci loma kaɗan don kada mai gida ya ji babu daɗi. Litinin da safe muka je banki, muka bi layi har rana ta take. Ma'aikaciyar da ta saurare mu tana da kirki, ta rubuta ƙorafi, ta ce za a bincika, amma ba ta ɓoye mana ba. Ta ce ɗan ƙarfen da ke jikin katin ya yi aikinsa, ba wanda ya kwaikwaye shi. Shi ya sa yanzu ɓarayi ba sa wahalar kwaikwaya, katin kansa suke ɗaukewa su haɗa da lambar. Idan kati na gaske ne lamba ta gaske ce, na'ura ba ta san fuskar mai shi ba. Kawu ya yi mata godiya. Ko sau ɗaya bai dube ni da ido na zargi ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na raka shi tashar Baure. Na ce zan nemo wani abu ƙarshen wata, ya ce in riƙe, ina da iyali. Ya hau mota da igiyarsa a cinya.

Motar Kano ba ta cika da wuri ba. Muna wuce Kazaure hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Duk motar aka ɗauki hamdala, wani yana kiran gida yana cewa a fito da iri. Ni kuwa gonar Kawu nake tunani. Mun shiga Kano bayan magariba, tituna duk ruwa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba sabo ba ne, shi ya sa yake ci mini rai. Kada katinka ya ɓace wa idonka ko na ƙiftawa, lambarka kai za ka danna, kuma ka duba sunanka kafin ka mayar aljihu. Wayar da ake turo saƙon banki ta bi ka duk inda katin ya je. Wanda kuma ya kai dattijo banki, aikinsa bai ƙare a ranar da aka ba da kati ba. Na koya wa Kawu ya yarda da kati, ban koya masa ya ƙi yarda da mai riƙe katin ba, kuma a lokacin da magana ɗaya za ta isa, kunya na zaɓa. Ina nadamar wannan ƙwarai.

Ina cire takalmi waya ta yi ƙara. Kawu ne, yana tambaya ko na sauka lafiya. Ya ce su ma an yi ruwa mai kyau, har ya je ya yi magana da mai shanun haya, an sa shi a layi, bayan mutanen da suka riga shi. Na fara ba shi haƙuri ya katse ni.

“Abu ɗaya nake so da kai,” in ji shi. “Kada innarka ta ji. Ƙanwata ce, na san halinta, awakinta za ta sayar.”