Saƙon Yaya da Wuƙar Goro

Tun ina saurayi na iso Agege a Legas, kuma har yau goro nake sayarwa. Yawancin shekarun nan da ƙaramar waya na yi su, irin mai tocila a ka. In ta yi gardama abu ɗaya nake yi, in ɓalle bayanta, in zare batir, in hura masa iska, in goga a riga, in mayar. Ba ta taɓa ƙin tashi ba. Sai da 'yata ta yi aure ta matsa mini lamba na karɓi babbar waya mai shafawa, wai don in riƙa ganin jikoki. Ban so ba, amma na gaji da musu na karɓa.

Ina da wa guda ɗaya a ƙauye, kuma a lokacin mun shekara shida ba ma magana. Sa'ad da Inna take jinyar ajali ya aiko in zo, na ce sai na sallami kayan da ke hannuna, don goro in ya daɗe lalacewa yake yi. Kafin in sallama ta rasu. Da na je ta'aziyya ya ce a gaban mutane wai Legas ta cinye ni, ni kuma na mayar masa da abin da ba zan rubuta a nan ba. Zuciya gare ni, na sani, shi ma haka.

Wata Laraba bayan azahar ina zaune a rumfa, na gaji tiɓis. Tun safe nake tsince goro ina canza masa ganye, bayana kamar an ɗora mini buhu. Sai waya ta yi ƙara. Saƙon murya ne, daga lambar Yaya. Dama 'yan garinmu masu zuwa ci-rani sun faɗa mini ciwo ya kwantar da shi, na yi kamar ban ji ba. A wajenmu kuwa in mutum ya ji jikin ya yi nauyi, yakan bi waɗanda ya ɓata wa ɗaya bayan ɗaya yana neman yafiya.

Na sa yatsa na danna. Shiru. Na sake dannawa, na shafa sama, na shafa ƙasa, wayar ta tsaya cak, ga sunansa a rubuce ga saƙon, amma ba ta motsi. Na danna makunni, ko a jikinta. Raina ya ɓaci. Na juya bayanta ina neman inda ake ɓallewa, ban ga ko tsaga ba, sumul take kamar faranti. Sai na ɗauko 'yar wuƙar da nake yanke igiyar huhun goro, na cusa bakinta ta gefe, na murɗa. Na ji ƙas. Bayan ya tsage gida biyu, fuskar ta yi baƙi. Batirin ma da na hango a manne yake, ba irin wanda ake zarewa ba ne.

Da na koma gida na nuna wa maiɗakina wayar, na faɗa mata saƙon Yaya yana ciki.

"Malam, ga tawa," ta ce. "Ina da lambar matarsa. Ka kira kawai."

"Sai na ji abin da ya faɗa tukuna," na ce.

"In ma zagi ne, ai yayanka ne."

Na ce ta bar ni. Gaskiyar magana, tsoro nake ji kada in kira in zubar da girmana, alhali wata baƙar maganar ya aiko. Na fi son in ji da kunnena shi ya fara sauka.

Washegari na shiga motar haya, danfo, zuwa wajen wani mai gyaran waya da ke zama ƙarƙashin lema kusa da layin dogo. Tafiyar da ƙafa ma za ta yi, muka ci kusan awa a cunkoso, kwandasta yana faɗa da kowa. Mai gyaran Bahaushe ne haifaffen nan, magidanci, Hausarsa rabi Yarbanci. Ya jujjuya wayar ya dube ni.

"Baba, wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ne. Batir na so in cire."

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ɗauko tasa ya nuna mini. Ashe in irin wannan ta ƙame, makunni da maɓallin rage murya ake dannewa tare, a riƙe, a ƙirga kamar goma sha biyar, sai ta mutu ta sake tashi da kanta. Shi ke nan. Ni kuwa wuƙata ta tsinke wata siririyar igiya da ke kai wuta fuska, kuma babu irinta a teburinsa, sai an nemo a Ikeja. Ya ce in dawo gobe bayan Juma'a.

A hanyar komawa na yi tunanin wayar maiɗakina. Na shiga gida, ta dube ni, na kau da kai.

Ranar Juma'a daga masallaci can na wuce. Ya kunna, ta kawo haske, saƙon yana nan inda yake. Na koma gefe na jingina da katanga na kara a kunne. Da ƙyar na gane muryar, ta shaƙe, yana yi yana tari.

"Ƙanena, ni ne. Jikin ya ƙi. Maganar da na faɗa maka ranar Inna, ka yafe mini. Ka kira ni in ji muryarka."

Nan take na kira. Matarsa ce ta ɗauka. Bayan gaisuwa ta ce tun jiya da hantsi bakinsa ya rufe. Ranar Laraba kuwa wayar a kan ƙirjinsa take har dare, kowa ya shigo sai Yaya ya tambaye shi ko alama ta nuna na saurara.

Na roƙe ta ta kara masa a kunne. Ga jirgi yana wucewa a bayana, ga masu baburan okada suna ta hon, na toshe ɗaya kunnen na ɗaga murya.

"Yaya, ni ne. Na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini."

Numfashinsa kawai nake ji. Can matar ta karɓa ta ce ya motsa hannu. Asabar da hantsi ya cika. Har yau ban tambaye ta ba ko da gaske ya motsa hannun, ko tausayina ta ji.